Abin da Ya Sami Bayan Inna a Dandin Mahe

Boɗinga,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Yayana Muhammad Sani, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan sallama, ina durƙusawa in gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri. Yaya kasuwa, yaya zaman baƙunta? Allah Ya sa albarka a nemanka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na mutane, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan Boɗinga sai godiyar Allah. Maigidana Malam Idris yana nan yana fama da makarantarsa, yara sun koma karatu, zafi kuma ya fara sauka da ƙarfinsa. An soma kwasar albasa a fadama, na tabbata ba da daɗewa ba za ka ga motocinta sun iso muku. Ɗiyarka Khairat tana ɗakinta a Shagari lafiya lau, ciki ya tsufa, a wurin awo sun ce komai daidai yake, sai dai jiran ranar da Allah Ya yanke.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannun kowa. Dalili shi ne, duk lokacin da muka ɗauko zancen Inna a waya, ko dai layi ya katse, ko kuma ranka ya ɓaci kafin in kai ƙarshen magana. Ga shi kuma Kawu Ɗanliti ya fita daga gidan nan yana cewa zai neme ka, kuma abin da ka yanke shi za a yi. Shi ya sa nake so ka fara ji daga bakin wadda take jinyar Inna. Zan ɗauki hoton shafukan nan in turo maka ta waya da zarar na gama. Don girman Allah, Yaya, ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Ka san tun muna ƙanana bayan Inna ba a miƙe yake ba. Kafaɗarta ta dama ta fi ta hagu tudu, mu kuma mun ɗauka halittarta ce haka, ba wanda ya taɓa kiransa ciwo. Da shi ta yi ta ɗaukar tulu da itace da kwandon albasa har ta aurar da mu. To, tun daga daminar bara abin ya sauya. Ta ƙara karkacewa zuwa hagu, har haƙarƙarinta na ƙasa yana neman taɓa ƙashin ƙugu. In ta ɗaura zani, gefe ɗaya yana sharar ƙasa, ɗayan yana ɗage. Ciwo yana taso mata daga kwankwaso ya gangara ƙafar hagu. Ba ta faɗa wa kowa ba. Khairat ce ta lura cewa daga gida zuwa bakin rijiya sai Inna ta tsaya sau da yawa, ta dafa katanga, ta yi kamar tana gaisawa da mutanen gidan. Ita ce ta kira ni tana kuka, ni kuma na je Shagari na ɗauko Inna na kawo ta nan, tunda mun fi kusa da Sakkwato.

A lokacin ne ka fara turo mana bidiyon likitocin nan masu gyaran baya da hannu, waɗanda suke kwantar da mutum su danna, ka ji ƙas, ya tashi yana dariya. Ka ce mu nemo irinsu ko a ina suke. Mun nema, kuma mun samu. Wani abokin aikin Malam Idris ya kwatanta mana wata likita mace a cikin Sakkwato, Dokta Firdausi, wadda ta yi karatun wannan sana'a a ƙasar waje, tana kuma koya wa masu karkataccen baya yadda za su zauna, su tsaya, su yi tafiya. Inna ta shiga wurinta da murna, tana zaton za ta fito a miƙe kamar na cikin waya. Amma likitar ta ce ba za ta danna ko'ina ba sai ta ga hoton ƙashi. Ta sa Inna ta sunkuya gaba kamar mai ruku'u, ta kira ni in tsaya a bayanta in duba. Yaya, ban taɓa ganin bayan Inna haka ba. Gefen dama ya taso kamar an cusa ƙullin kaya a ƙarƙashin fata, gefen hagu ya lotsa. Sai da na kau da kai don kada ta ga fuskata.

Da hoton ya fito, likitar ta ɗaga shi a gaban fitila ta nuna mana. Ƙashin baya ya lanƙwashe wuri biyu, sama ya yi dama, ƙasa ya yi hagu. Ta kuma nuna mana cewa ƙasusuwan kansu sun yi laushi saboda shekaru, ta kwatanta su da karan dawa da ya daɗe a rana. Ba ta ɓoye mana komai ba. Ta ce a shekarun Inna wannan karkacewa ba za ta miƙe ba, babu hannun da zai miƙar da ita, kuma duk wanda ya yi mana alkawarin haka mu yi nesa da shi. Ta ce ƙarar nan da ake ji a bidiyo ba ƙashi ne yake komawa mazauninsa ba, kuma irin wannan danna mai ƙarfi ba ta Inna ba ce, tana iya karya ta. Abin da za ta iya shi ne ta rage ciwo, ta sassauta wuraren da suka ƙage, ta ƙarfafa naman da ke riƙe da bayan, don kada ya ci gaba da faɗuwa da sauri. Ka tuna da na gaya maka haka a waya ka ce to mene ne amfaninta, ka kashe. Ban ga laifinka ba, ni ma da baƙin ciki na fito daga wurin.

Duk da haka muka fara. Muna zuwa wurinta, ta kwantar da Inna a wani gado mai laushi, ta sa 'yan matasan kai a ƙarƙashin ƙugunta, tana bin bayan da tafin hannu a hankali, ba ƙara ba ihu. Ta tura mu asibiti aka rubuta maganin ƙarfafa ƙashi. Sannan ta ba mu aikin gida, wanda ta ce shi ne ainihin maganin. Inna za ta kwanta a gefe a kan tawul da aka naɗe, ni in ɗora hannuna a wurin da ya lotsa, ita kuma ta ja numfashi tana ƙoƙarin ture hannun nawa da haƙarƙarinta. Za ta jingina da bango ta miƙe wuya kamar ana jan ta da zare daga tsakiyar kai. Za ta tsaya gaban madubi ta daidaita kafaɗunta da idonta, don jikinta ya saba da karkacewar har yana ganin ita ce daidai. Mai gyaran takalmi ya ƙara mata tudu kaɗan a takalmin hagu. Aka hana ta ɗaukar kaya a ka, ko da ƙwarya ce. Aka ce ta riƙa yin salla a kujera in tsayuwa ta gagara. Wannan kam sai da aka kai ruwa rana, don ta ce ita ba ta yi tsufan da za ta gaida Ubangijinta a zaune ba, sai da Malam Idris ya zauna ya yi mata bayanin sauƙin da addini ya yi wa mara lafiya.

Kuma wallahi an ga sauƙi. Bayan 'yan makonni nishin da take yi in za ta tashi ya ragu. Ta fara zuwa gidan maƙwabta ta dawo ba ta dafa katanga ba. Wata safiya na same ta ta idar da sallar asuba a tsaye, tana zaune a kan darduma tana murmushi ita kaɗai. Har tsokana take yi, wai tun tana amarya ba ta kalli madubi kamar yanzu ba. Amma madubin nan shi ne kuma ya zama damuwarta, don duk ƙoƙarin da ta yi, in ta duba, a karkace take ganin kanta. Sai ta ce ciwo ya tafi amma baya bai ji ba.

Abin da ke cin ranta, Yaya, haihuwar Khairat ce. Ka san ita ta riƙe yarinyar nan tun daga yaye, kuma ta daɗe tana faɗa cewa ba wadda za ta yi wa ƙawarta wankan jego sai ita. Ta tanadi babbar tukunya, ta sa an tara mata itace tun kaka. Ranar nan ta tambayi Dokta Firdausi ko zuwa lokacin za ta iya sauke tukunyar ruwan zafi daga murhu, ta sunkuya ta yi wa mai jego wanka. Likitar ta riƙe hannunta ta ce gaskiya a'a, ba bana ba, kuma ba baɗi ba, amma za ta iya zama ta riƙe jariri, ta nuna wa wata yadda za ta yi. 

Ba a daɗe ba Inna ta ce tana so ta je Shagari ta dubo ɗakinta da awakinta, ta ga Khairat. Ta yi mini alkawarin ba za ta bar atisayenta ba, ta ma naɗe tawul ɗinta ta sa a jaka. Malam Idris ya kai ta. A can ne Kawu Ɗanliti ya zo gaishe ta daga Dandin Mahe, ya tarar da ita kwance a gefe tana jan numfashi. Khairat ta ce dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya Hajjo, wanga numhwashi ne za shi miƙe ki?" Sai ya ba ta labarin wani baƙo da yake sauka a garinsu ranar kasuwa, mai gyaran baya a zama biyu. Ya ce shi kansa ya kai masa kafaɗarsa da ke ciwo, ya ja ta sau ɗaya ta saki. Ya fito da wayarsa ya nuna mata bidiyon nan naka, waɗanda ka tura masa shi ma, ya ce ga irin aikin da ɗanta yake so a yi mata, likitar birni tsoro ne kawai ya hana ta. Ya ce kafin Khairat ta haihu Inna za ta miƙe tsaf.

Ranar kasuwa ya zo da babur ya ɗauke ta. Khairat ta roƙe su su jira a gaya mini, ba wanda ya saurare ta. Ta kira ni ba ta samu ba, wayata tana wurin caji don mun kwana biyu ba wuta. Sai ta tura mijinta Isah ya bi bayansu, kuma daga bakinsa na ji abin da ya faru. Wani ɗaki ne a bayan kasuwa, mutane sun yi layi a waje. Aka kwantar da Inna rub da ciki a kan benci, aka shafa mata mai. Ba a tambaye ta shekarunta ba, ba a tambayi hoto ba. Ƙarti biyu suka riƙe ta, ɗaya hannuwa ɗaya ƙafafu, suna ja. Shi kuma mutumin ya ɗora gwiwarsa a bayanta ya saki nauyinsa gaba ɗaya. Isah ya ce har daga bakin ƙofa an ji ƙarar, mutanen waje suka yi kabbara, suna cewa ya shiga, ya shiga. Inna ta ƙwalla ƙara. Yaya, ka san Inna, matar da tafasasshen mai ya zubo mata a ƙafa ba ta ɗaga murya ba. Mutumin ya ce wannan zafin alamar waraka ce, a dawo da ita kasuwa mai zuwa ya ƙarasa.

Ba ta iya hawa babur ba. Isah ne ya nemo mota aka kwanto ta zuwa Shagari. Saƙo ya same ni bayan azahar, muka kama hanya ni da Malam Idris. Na tarar da ita kwance a tabarma, gumi ya jiƙa mata riga, leɓenta ya bushe, ko juyi ba ta iya yi. Na taɓa ƙafarta ta hagu, ta ce tana jin hannuna kamar ta cikin bargo. Nan take na kira Dokta Firdausi. Ba ta tsaya tambayar wa ya kai ta ba. Ta ce in tambayi Inna ko tana iya riƙe fitsari, ko tsakanin cinyoyinta ya mutu, ko tana iya motsa yatsun ƙafa. Fitsari tana riƙewa, amma babban yatsan hagu ya ƙi ɗagawa. Sai ta ce kada mu kawo ta wurinta, wannan ya wuce aikin hannu, mu wuce babban asibiti kai tsaye, kuma kada a zaunar da ita, kada a naɗe ta, a ɗora ta a kan abu mai tauri a miƙe. Ta ce za ta riga mu isa.

Isah ya ciro ƙyauren ɗakin ajiya muka shimfiɗa bargo a kai. Muna shirin ɗaga ta sai Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya buɗe hannuwa, ya ce ba inda za a kai ta, za mu ɓata aikin da aka fara, mutumin ya ce a bar ta ta kwanta kawai. Ni dai ban taɓa ɗaga ido na kalli Kawu da musu ba. Malam Idris ne ya cire hularsa ya durƙusa a gabansa, ya ce, Baba, a yi mana izini mu je a ɗauki hoto kawai, in hoto ya nuna ƙashi ya koma mazauninsa, shi da kansa zai dawo da ita ya ba da haƙuri a gaban jama'a. Kawu ya daɗe yana kallonsa, Inna tana nishi a bayansu, Khairat tana kuka a jikin bango da tsohon cikinta. Daga ƙarshe ya matsa gefe. Muka sa ta a bayan wata motar ɗaukar albasa, na zauna na riƙe kanta a tsakanin hannuwana. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi a jikinta. Muka wuce ta Boɗinga, ina hango kwanar gidana, ba mu tsaya ba.

A asibiti aka tura ta cikin na'urar nan mai kama da rami, wadda ke nuna har jijiyoyi. Sakamako ya nuna ɗaya daga ƙasusuwan ƙasan bayanta ya murƙushe, ya dannu, gefensa yana matse jijiyar da ke sauka ƙafar hagu. Likitan ƙashi, wani dattijo mai furfura, ya ce mu gode wa Allah, da abin ya ƙara matsawa kaɗan da ƙafafun biyu za ta rasa. Ya ce ba zai yi mata aikin tiyata yanzu ba, don aiki a irin wannan ƙashi mai laushi yana da nasa haɗarin. Aka ɗaura mata wata ɗamara mai tauri daga ƙirji zuwa ƙugu, aka ba ta magunguna, aka riƙe mu 'yan kwanaki. Amma ya ja mana kunne: in ƙafar ta ƙara mutuwa, ko fitsari ya fara kufce mata, ko ya ƙi fita, to a kawo ta a wannan sa'ar, kuma aiki ya zama dole.

Da Dokta Firdausi ta shigo ɗakin, Inna ta juya fuska bango don kunya. Na zaci za ta yi faɗa, ko ta ce ai na gaya muku. Ba ta yi ba. Ta ja kujera ta zauna, ta ce Inna ta yi haƙuri, duk wanda ya gaji da ciwo yana iya bin wanda ya yi masa alkawarin sauƙi. Ta ce za a sake daga farko, amma ita ba za ta ƙara ɗora hannu a wurin ba sai likitan ƙashi ya ce ya haɗe. A yanzu abin da ta koya mana kaɗan ne: yadda Inna za ta juya jikinta gaba ɗaya kamar gungume ba tare da ta murɗa ƙugu ba, yadda za ta sauko da ƙafafu kafin ta tashi, da numfashin nan, da motsa yatsun ƙafa safe da yamma.

Yanzu muna gida Boɗinga. Tana takawa daga gado zuwa bayan gida da ƙarfen dogarawa, ina riƙe da ita. Ƙafar hagu tana ɗan ja, babban yatsan har yau bai ɗaga ba. Kowace safiya kafin in gaishe ta sai na yaye zani na ce ta motsa shi, mu duka biyu muna kallonsa. Kowace shigarta bayan gida ina tsaye a bakin ƙofa har sai ta fito ta ce lafiya. Mako mai zuwa za mu koma a sake hoto, a nan za a san ko ƙashin yana haɗewa ko kuwa sai an yi aiki.

To, jiya ranar kasuwar Dandin Mahe ce. Da hantsi sai ga Kawu da motar haya a ƙofar gida. Ya zauna a zaure, aka kai masa ruwa ya ƙi sha. Ya ce ya zo ɗaukar yayarsa a ƙarasa mata aiki, don mutumin ya aiko cewa in aka bar shi rabi, ƙashin zai daskare a karkace har abada, kuma mutuwar ƙafar ma don ba a ƙarasa ba ne. Ya ce mun ɗaure masa 'yar'uwa cikin ƙarfe kamar mai laifi. Na durƙusa na nuna masa hoton, ya ce shi bai san karatun hoto ba. Ya ce ni mace ce kuma ƙarama, Malam Idris suruki ne, ba mu da ta cewa, mai magana ɗaya ne, kai. Ya yi ta kiran lambarka a gabanmu ba ta shiga. Yaya, kada ka ɗauka mugunta ce. Idonsa jawur yake. Ya ce mini lokacin da mahaifiyarsu ta rasu yana jariri, a wannan bayan Inna ta goya shi har ya yi ƙafa, wataƙila ma goyonsa ne ya fara karkatar da shi, don haka ba zai zauna yana kallo ba.

Inna tana jin komai daga ɗaki. Sai ta ce a shigo da shi. Ya shiga ya tsuguna a gefen gado. Ta dube shi ta ce, "Ɗanliti, ba ka ja ni ba, ni nab bi ka da ƙahwata. Amma da ƙahwa biyu nit tahi, na komo da guda da rabi. Wagga da tar rage, ka bar mani ita." Kawu ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan rigarsa. Ya tashi ya fita ba sallama. A zaure ya tsaya ya ce wa Malam Idris shi bai janye ba, ciwo ne ya sa ta faɗi haka, zai ji daga bakinka, in ka ba shi izini zai dawo da mota kasuwa mai zuwa.

Na so a ce maganar ta ƙare a nan, amma ba ta ƙare ba. Bayan la'asar ina shafa mata mai a ƙafa sai ta tambaye ni a hankali ko dai Ɗanliti yana da gaskiya, ko da an ƙarasa da yanzu ta miƙe. Na ce Inna, kin ji abin da likitoci biyu suka faɗa. Ta ce ta ji, amma in Sani ya ce ta tafi, za ta tafi, don kai ne babba, kuma kai ka fara nuna mata irin wannan gyaran. Wannan magana ita ta zaunar da ni rubuta takardar nan. Kalma ɗaya daga bakinka za ta iya sa a sake ɗora ta a kan bencin nan, kuma likita ya faɗa mana ƙarara cewa bayanta ba zai ɗauki danna ta biyu ba.

Saboda haka ga roƙona. Ka kira Kawu kafin ya same ka, ka gaishe shi da girmamawa, ka gode masa a kan ƙaunar da yake yi wa Inna, kada ka ɗora masa laifi ko da da kalma ɗaya, don abin yana cinsa fiye da yadda yake nunawa. Amma ka faɗa masa a fili cewa ba ka yarda a mayar da ita ba. Sannan ka kira Inna ka faɗa mata da bakinka, don nawa bakin bai isa ba. Bidiyon nan kuma ka daina turo su, ko mini ko wa Kawu. Na san da kyakkyawar niyya ka turo, amma waɗanda ke ciki ba su da shekarun Inna, ba su da irin ƙashinta. Haka kuma ka yi tunani tun yanzu a kan zancen aikin tiyata, ka yi istihara, don in ranar ta zo ba za a ba mu lokacin neman layi ba, ina so in san matsayinka kafin a miƙo mini takardar sa hannu. Game da Khairat, mun yi magana da Isah da iyayensa, sun yarda ta zo nan Boɗinga ta haihu. Ni zan ɗauki tukunya, Inna ta zauna a kujera ta ba da umarni. Da na gaya mata ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, ta dai tambaya ko an kawo itacen nata daga Shagari.

Ka gaishe mini da Yaya Hauwa'u da kyau, ka ce ina yi mata ban gajiya da hidimar gida. Ka shafa mini kan Abubakar da Bahijja, Allah Ya yi musu albarka Ya ba su ilimi mai amfani. Malam Idris yana gaishe ka ƙwarai, haka Gwaggo Shatu da take zuwa taya ni jinya, da Isah, da Khairat wadda ta ce a roƙa mata addu'arka. Mu ma ka sa mu a addu'a, musamman ranar da za mu koma asibiti.

Da na gaya wa Inna ina rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce ta ji kana cewa za ka zo in ta warke, ka same ta a tsaye. Ta ce in rubuta maka wannan yadda ta faɗe shi, kada in gyara: "Ki hwaɗa mai shi bar jiran in miƙe. Ba ni miƙewa. Shi taho shi gane ni hakanan a karkace, ni ce dai uwa tai."

Wassalamu alaikum.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rahinatu.